Famfon Jikin Katanga

3 ga Maris

Zuwa ga 'yar da muka riƙa,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran da ban taɓa gani ba. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta hana ni tsugunno, kunnen hagu ya yi nauyi, shi ya sa ba na magana a waya, shi ya sa kuma na ba direban motar kasuwa takardar nan ya kai miki ofis.

Zan fara da abin da ya daɗe yana ci na. Ranar da matata ta rasu, matar da kike kira Inna, ta'aziyyarki a wayar ɗana Auta ta iso, layi biyu. Dangantakata da ke sai an zauna an warware: kakata da kakar mahaifiyarki ne ciki ɗaya. Da na ce ban san ki ba ranar da aka kawo ki da akwatin ƙarfe za ki shiga kwaleji, babu mai ganin laifina. Amma marigayiya ta raba ɗakinta da labule ta ba ki rabi, ta yi jinyarki lokacin da shawara ta kwantar da ke, ta sayar da zanenta ta saya miki takalmin makaranta. Na jira ki zo ki zauna a tabarmar makoki ko na wuni guda. Aka naɗe tabarma, shekaru suka bi bayanta.

Yanzu hannunki ya iso gidana, kuma ba gaisuwa ya kawo ba. Kin sa Auta a horon da ƙungiyarku ke ba matasa marasa aiki, wanda kuke kira kasuwancin taimakon al'umma. Ban hana ba. Yaro ya gama jami'a ya zauna har benci ya san nauyinsa, duk wanda ya ce masa taso ai ya yi. Ya tafi, ya dawo da riga mai tambari da sabon baki. Muna cin abinci ya ce, "Baba, an ce kowa ya nemo matsala guda a unguwarsu ya mai da ita sana'a." Na ce madalla, ga kwata ta toshe, ga bola ta kusa shigo mana zaure, zaɓi wadda ta yi maka. Ya ce, "A'a, famfon nan nake nufi."

Ba ki san famfon ba, bayan tafiyarki aka yi shi. Lokacin da ma'aikatar ruwa ta rage ma'aikata ta sallame ni, ni da na yi karatun injiniya har ƙasar waje, kuɗin sallamar na haƙa rijiyar burtsatse da su a tsakar gida. Ni na zaɓi wurin, ni na tsaya a kan masu haƙa, ni na zura injin da hannuna. Marigayiya ce ta ce in fasa katanga in fitar da bututu guda waje, saboda ta gaji da ganin mata suna wucewa da bokiti zuwa tsohuwar rijiyar bayan gareji, wadda ruwanta ke warin baƙin mai. Tun ranar kowa ke ɗiba, ba a tambayar kowa komai. Da ta rasu na bar shi a buɗe, ladan nata ne.

Abin da Auta ya kira matsala ke nan. Wai an koya musu abin kyauta ba ya ɗorewa. Yana bin gida gida yana tambaya ko za su yarda su riƙa biya.

Ke kika cusa masa, ke za ki cire masa. Ki gaya masa ya ɗauke hannunsa daga katangata.

Kawunki, in har yanzu haka kike kira na.

26 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Muna lafiya, yara sun ji labarinka ko da ba su gan ka ba. Takardarka ta same ni ina kan hanya, sai jiya na buɗe.

Tunda ka fara da ta'aziyya, bari ni ma in fara da ita. Ranar da na zo da murna na gaya maka na samu aiki da ƙungiya, a gaban baƙinka ka ce, "Ashe duk karatun nan maula da Turanci za a yi da shi." Suka yi dariya. Inna ce ta biyo ni har bakin titi tana share min hawaye da bakin mayafinta. Na yi mata kuka a ɗakina da ta rasu, kuma har gobe ina yi mata addu'a. Abin da na kasa shi ne zama a gabanka.

Ka ce na cusa wa Auta magana. Kawu, ka san yadda kake gaishe shi da safe? Shi ya gaya mana a aji, yana dariya irin wadda ba ta kai ciki ba. Wai in ya fito sai ka ce, "Mai digiri, an tashi? Yau wane ofis za a je?" Shekara da shekaru. Yaron da ya zo mana ba ya iya ɗaga kai ya faɗi sunansa. Kafin a gama ya tsaya gaban mutane ya yi bayanin rijiyar nan, zurfinta da ƙarfin injinta, har malamin ya tambaye shi ko injiniya ne. Ya ce a'a, ɗan injiniya ne.

Kuma ba ƙarya aka koya masa ba. Ya ce injin yana yawan tsayawa, ka sayar da babur ɗinka ka gyara, ka sayar da firij ka sayi mai. Me ya rage ka sayar? Ranar da ka kwanta, famfon ya kwanta tare da kai. Shirinsa shi ne a sa sola, a riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ajiye na gyara, abokansa huɗu su samu abin yi. Ya tambayi unguwa, babu gida ɗaya da ya ce a'a.

Ba zan ce masa ya daina ba. Wannan ne abu na farko da ya tashi da asuba dominsa. Ka bar shi ya gwada.

'Yarka.

2 ga Afrilu

Ranki ya daɗe, shugabar masu taimako,

Lafiya lau, sai dai jiri da ke ɗiba ta in na miƙe.

Babu gida ɗaya da ya ce a'a. Na karanta layin nan na ajiye takardar na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Kin yi nisa da mutane, 'yata. Ɗan mai famfo ya yi sallama a ƙofarka, ruwan ubansa na cikin randarka, ruwan ubansa ka yi wanka da shi da safe, ya ce maka, "Za ku iya biya?" Da wane baki za ka ce masa a'a?

Na kira mai wanki, wanda ya fi kowa ɗiba, na ce, "Kai, an ce ka yarda za ka biya." Ya sosa ƙeya ya ce, "Injiniya, yaron ya zo da rigarsa mai kyau, yana ta murmushi, na ce to. Da ya tambaye ni ko zan sayi jirgin sama ma, to ɗin zan ce." Matar tela kuwa cewa ta yi ita ta zaci kai ƙara za a yi wa gwamnati. Wannan shi ne binciken da kuka tafa wa.

Kin ce in na kwanta famfon zai kwanta. Na gode da addu'a. Ni na san injina, ina jin ciwonsa daga ƙararsa kafin ya tsaya. Babur nawa ne, firij nawa ne, ban zo ofishinku na miƙa hannu ba.

Amma na ga kun riga kun gama shawara, ke da ɗalibinki. Jiya da na yi masa magana cewa ya yi, "Baba, kai tunanin da ne da kai." To shi ke nan. Ga rijiya, ga tanki, ga katanga. Ku ɗauka. Ku haɗa da gadon da nake kwana a kai in zai yi muku amfani. In kun gama da ruwa, akwai iska mai daɗi a tsakar gidan da yamma, ita ma kyauta ake shaƙa, ba za ta ɗore ba.

Kawu.

11 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Jirin nan kada ka yi wasa da shi, ka je a auna jininka.

Na san ba da daɗin rai ka rubuta ba, amma na gode da ka sakar masa. Na sanar da masu ba da tallafi cewa mai gida ya amince, sun saki kaya. Za a sa sola a kan rufi, a cire tsohon injin a zura sabo. An yi wa Auta da abokansa rajista a matsayin kamfani, kayan kuma da sunan kamfanin za su zauna, haka ƙa'idar take. Auta ne ya zaɓi sunan da za a sa wa wurin. Ba zan faɗa maka ba, ina so ka gani da idonka.

'Yarka.

9 ga Yuni

Ke,

Takardarki ta yi kusan wata biyu a ƙarƙashin tire kafin in gan ta. Na faɗi a bayan gida kwana kaɗan bayan na aiko miki da tawa, aka kwantar da ni a asibiti, daga nan babbar 'yata ta tafi da ni gidanta jinya. Auta yana zuwa duba ni kullum da fara'a, ina cewa a raina ciwona ya gyara min yaro. Ashe aiki ne ke tafiya.

Ban san kin manta da baƙar magana ba. A gidana kika girma, kin san yadda nake magana in raina ya ɓaci. Mutum ya ce ku haɗa da gadonsa, ki ce ya amince? Me ya sa ba ki aiko a ɗauki gadon ba? Kin karanta abin da kike so ki karanta, kin tsallake sauran.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona, tunda haka kika so. Mota ta sauke ni, na tarar an kewaye famfon da kejin ƙarfe, an yi masa fenti shuɗi, ga makulli yana lilo a wuyan wani yaro mai askin banza. A sama an kafa allo an rubuta RUWAN INNA da manyan baƙaƙe. Matar da ta ce a fasa katanga don kada a tambayi kowa komai, ita aka rataya a kan keji. Injina kuwa, wanda na zura da hannuna, an ba masu gwangwan.

Na sa aka fito min da kujera na zauna a ƙofar gida. Da, in na zauna a nan da hantsi, sai na gaji da amsa gaisuwa. Ranar jarka uku na gani. Can sai ga tsohuwar gidan da ke kan kwanar layinmu, wadda ta yi wa marigayiya wankan gawa, ta taho da ɗan bokitinta tana jan ƙafa. Mai makullin ya ce, "Iya, kati." Ta ce, "Katin me, ɗan nan? Asibiti ne?" Ya ce ai tsofaffi da marasa ƙarfi kyauta ne, amma sai an rubuta su an ɗauki hotonsu, saboda masu tallafi suna son gani. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Injiniya, sannu da jiki." Ta juya da bokitinta ta nufi bayan gareji. Na kira ta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Wannan matar 'ya'yanta suna aiko mata da abin da suka samu, ba ta taɓa roƙon kowa ba. A bakin famfona ita da matar ɗan kasuwa layi ɗaya suke bi, babu mai sanin wa ya fi wa. Ku kuka zo kuka ce sai ta tsaya an ɗauki hotonta a matsayin matalauciya kafin ta sha.

Mai wanki ya kwashe kayansa ya koma bakin rafi. Matar tela tana aiken 'ya'yanta tsohuwar rijiya. Ba wai duk ba su da abin biya ba ne. Mutum ba ya son ya miƙa kuɗi a ƙofar da ya saba miƙa gaisuwa, gara ya saya a hannun baƙo. Kuma ba Auta suke zagi ba, ni suke zagi. An ce Injiniya ya ga mutuwa kusa ya fara tara na likkafani.

Na ce wa Auta ya cire kejin. Ya ce ba shi da iko, kayan kamfani ne, su biyar ne, sai an yi taro. A gidana. Na ce, "To mai kamfani, nawa ne kofi ɗaya, in sha magani?" Ya ce, "Baba, duk abin da na yi sai ka mai da shi abin dariya. Da na zauna ka yi dariya, da na tashi ka yi dariya." Ya fita, bai ci abinci a gidan ba ranar.

Ki aiko a kwashe tarkacenku, ki dawo min da injina.

28 ga Yuni

Kawu,

Sai a takardarka na ji ka kwanta asibiti, Auta bai faɗa min ba. Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa.

Ka ce na karanta abin da nake so. Wataƙila. Amma duk zamana a gidanka ban taɓa jin ka ce to a fili ba, ko a'a a fili. Ranar da na ci jarrabawa cewa ka yi, "Ashe masu gyaran takarda sun yi barci." Inna ce ta fassara min cewa murna kake. Yanzu babu Inna, kowa sai ya fassara ka da kansa. In ba ka yarda ba, kalma ɗaya ce, kuma ka fi ni sanin yadda ake rubuta ta.

Maganar hoto ba ni na kafa ta ba. Masu ba da kuɗi ba sa ba da shi a kan labarin baki. Na ji zafin abin da ya samu tsohuwar nan, zan ce a kai mata ruwa gida. Sauran kuma za su saba. Ko'ina haka ake farawa, mutane su yi fushi, su gaji, su dawo.

Injinka ba zai dawo ba, kayan sola kuma ba ni da ikon kwashewa, an riga an miƙa wa yaran. Shirin namu ma ƙarshen watan gobe zai rufe a yankinku, mu koma wani.

Abu na ƙarshe, gara ka ji daga bakina. An yi taron nuna ayyukan ɗalibai, na Auta ya zo na ɗaya. Hoton famfon yana bangon ofishinmu. Muna neman mataimakin mai horarwa, na ba da sunansa, an ɗauke shi. Albashi ne, Kawu, da ofis. Amsar tambayar da kake yi masa kowace safiya ke nan. Ka sa masa albarka in za ka iya.

'Yar Inna.

17 ga Oktoba

Zuwa gare ki,

Ina fatan kuna lafiya. Na daɗe ban rubuto ba saboda ina jira in ga mutanen da kika ce za su gaji su dawo.

Auta ya tafi ranar wata Laraba. Ya durƙusa ya yi min sallama, na ce Allah ya tsare hanya. Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Na ce ya gaishe da bangon ofis.

Abokan nasa huɗu suka ci gaba da zama a bakin keji suna danna waya. Ciniki bai kai ya raba su ba, balle a ajiye na gyara. Ruwan da kika ce a kai wa tsohuwa sau biyu aka kai, ta mayar da shi duka biyun. Daga nan suka fara faɗa a kan makulli, wannan ya ce wancan yana sayarwa a ɓoye, wancan ya ce wannan yana ba budurwarsa kyauta. Suka kira Auta a waya, ya ce yana aji, su yi taro.

Sun yi taron. Ranar Asabar da hantsi suka zo da tsani da wani dillali, suka ce sun rushe kamfani za su raba kaya. Na ce rijiyar tawa ce. Suka ce ba su taɓa rijiya ba, abin da ke kanta da abin da ke cikinta za su ɗauka, kuma takarda tana bayansu. Suka sauke sola daga rufi, suka bar min ramukan ƙusa. Sannan suka shigo tsakar gida za su zaro injin.

Zaro inji daga rijiyar burtsatse ba jan guga ba ne. Ana ɗagawa a hankali, ana kwance bututu gaɓa gaɓa, mutum ɗaya yana riƙe da igiyar tsaro. Su kuwa suka kama bututun su huɗu suna ja suna ihu kamar masu tura mota. Na taso da sandata na ce su tsaya, zai karye a mahaɗa. Mai askin banzan nan ya ce, "Baba, koma ciki ka huta, an horar da mu." Ban kai ga komawa kujera ba na ji ƙarar. Bututun ya karye, igiyar da ba wanda ya ɗaure ta bi shi, injin ya faɗa ya cije a can ƙasa inda ramin ya ƙuntata. Suka leƙa, suka dubi juna, suka ɗauki sola suka tafi. Kejin ma sun dawo sun cire washegari. Allon kawai suka bari, dillali ya ce ba ya saye.

Na kira wani tsohon abokin aikina ya zo da ƙugiya da kayan aiki, muka wuni a kai. Da la'asar ya goge hannunsa ya ce, "Injiniya, kai ma ka sani." Na sani. Ya karkace ya toshe ramin, kuma jan da suka yi ya fasa bututun bango, yashi yana zuba a kansa. Sai dai a haƙa sabuwa, ni kuma kuɗin sallama sau ɗaya ake ba mutum.

Na ji an ce Auta yana da baki a aji, kuma da labarin famfon yake buɗe darasi. Ban sani ba ko ya san ƙarshen labarin. Bai rubuto ba, ni ma ban rubuta masa ba. In kin ga ya dace ki gaya masa, in kuma zai ɓata darasi ki bar shi.

Ba na neman komai a wurinki, kada ki aiko da kowa ya auna ko ya ɗauki hoto. Na rubuto ne don ki sani. Unguwa ta koma bayan gareji gaba ɗaya, ni ma can ake ɗebo min, ina tacewa da tsumma. Rijiyar ta mutu.

Kawu.